Ya Yi Fas Ran Juma'a

Ɗazu da la'asar ina zaune bakin ƙofa ina tsince albasar da ta fara ruɓa, sai yaran unguwa suka fito da balonsu, wato ƙwallo, cikin lungu. Wani ɗan ƙarami da aka hana taɓawa ya dinga bin su a guje yana ihu, "Fas! Ku ba ni fas!" Na kore su. Na ce su tafi ƙofar gidan ubansu su yi, nan ba fili ba ne. Gaskiya yaran ba su yi mini komai ba, kalmar ce ba na son ji. Na haye hamsin, na aurar da ɗiya, na binne miji, amma har yau in aka faɗe ta kusa da ni sai raina ya ɓaci.

Kai mai karatu, wataƙila a wurinka ba wata kalma ba ce. Bari in gaya maka yadda ta shigo gidanmu.

Mu nan Malanville ba mutanen Ingilishi ba ne. Lakwal ɗinmu, wato makarantar boko, Faransanci ake yi, kasuwa kuwa Dendi ne da Hausa da Zabarmanci. Ingilishi gutsure-gutsure yake zo mana, a bakin direbobin Najeriya da jikin kwalin magani. A unguwarmu mutum ɗaya aka sani da shi, kakana, mahaifin babana. Yana saurayi ya bi fataken goro har Kumasi, ya yi shekaru can yana dako, ya dawo da tabo a ƙafa da wata ƙaramar adaka ta ƙarfe da kalmomin da ba su fi a ƙirga da yatsun mutum uku ba. Bai iya karanta boko ba ko harafi ɗaya. Amma in wani ya furta masa, sai ya rufe ido, ya gyaɗa kai, ya fassara. Mata suna kawo masa kwalbar maganin tari, wani ɗan lakwal ya karanta abin da ke jiki, Kaka ya ce cokali biyu safe da yamma. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu a kan haka, shi ya sa sunansa ya tsaya.

A cikin kalmomin nan nasa, fas ce 'yar gaban goshi. Mu bakinmu "hwas" yake kamawa, shi kuwa sai ya matse leɓe ya fitar da ita da iska, ya ce haka masu ita suke yi. In zafi ya yi yawa muka taru a zaure, inda ƙasa take da sanyi saboda randar da ke gefe, sai ya buɗe adakar ya fito da wata takarda da ta yi launin ƙasa, da alamar babban yatsansa a ƙasanta. Ya ce wannan ita ce fas, da ita ya ƙetare iyaka uku ba wanda ya ɗaga masa murya. Ya ce in soja ya tsare ka a hanya ya duba ka ya ce "fas", to wuce yake nufi. Ɗan makaranta in ya ci jarrabawa, fas ya yi. Fasinja mai fas ne, fasfo kuma yayan fas ne da ya yi karatu. Har cewa yake Turawa wurin Hausawa suka sace ta, daga fasawa, don wanda ya fasa taro ai ya wuce. Ni da bakina ba ya shiru na ce, to tulu fa, in ya faɗi ai shi ma fas yake cewa. Ya ja mini kunne, ya ce ai ruwan ciki ne ya samu hanya. Ya ce in riƙe wannan: duk inda na ji fas, hanya ce ta buɗe, kalmar ba ta da mugun ɓangare.

Babana ya tafi Najeriya ina da shekara bakwai. Gadi yake yi wa wani kamfanin gina hanya, can gaba da Yawuri. Kowace Babbar Salla yana zuwa, ta Kamba ya faɗo Gaya, ya ƙetaro gada. Abin da nake tunawa da shi kaɗan ne, kuma ina jin kunyar kaɗancinsa. Yana da wushirya, yana fito da ita in yana alwala. Yana kawo sabulu mai ƙamshin lemo da turmin atamfa ɗaya na Inna. In ya ɗauke ni gemunsa yana sosa mini goshi. Shi ke nan. Inna kuwa 'yar masunta ce daga Garou, tana sayar da shinkafa da soyayyen kifi kusa da tasha, kuma a lokacin ba ta kai talatin ba.

Ina da shekara goma aka kori baƙi daga Najeriya. Lokacin cirar albasa ne, gari duk warinta, buhuna jibge a bakin hanya. Sai ga mutane suna kwararowa ta gada, katifa a kai, rediyo a hammata, yara a baya. Wasu 'yan nan ne, wasu na kudu ne da suka ɓata hanya, wasu ma ba mu san yarensu ba. Kullum in Inna ta sauke tukunya sai ta ja hannuna mu je mu tsaya gefen rumfar duwan, wato 'yan kwastan, muna duban fuskoki. Duk wanda ta ga ya yi kama da ɗan unguwa sai ta tare shi da tambaya. Ba wanda ya gan shi. Kowa ta kansa yake.

Mun yi kusan sati uku a haka, sai wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ya zo yana tambayar gidanmu. Wasiƙa ce. Ya ce shi ma wani ya ba shi a Kamba, wanin kuma wani ya ba shi. Ambulan ɗin ya yi baƙi da zufar hannuwa. Kaka ya karɓa, ya juya ta, ya aika a kira mushen lakwal ɗinmu, wato malaminmu, wani siririn mutum daga kudu mai yawo da alƙalami biyu a aljihu. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Inna ta tsaya bayan ƙyaure, ni na kutsa na zauna kusa da ƙafar Kaka, ba wanda ya kula ya kore ni.

Layi biyar ne ko shida, da hannun akawun kamfanin. Mushe ya duba ya ce Ingilishi ne, shi kuma abin da ya yi a makaranta ya daɗe da zubewa. Kaka ya ce ba komai, ya dai furta, fassara tasa ce. Mushe ya fara furtawa da bakin Faransa, yana haɗiye ƙarshen kalmomi, Kaka ya rufe ido yana saurare. Layin farko ya wuce bai kama komai ba. Sai ya ji "sori", ya ce haƙuri suke ba mu kan korar da aka yi, ai ya kamata. Sai sunan babana ya fito. Bayan sunan sai kalmar nan. Kaka ya buɗe ido, ya ce a sake. Mushe ya sake. Ya ce kalmar da ke biye ya gane ta, Juma'a ce. Ya ƙara da cewa su ma a Faransanci suna da mai kama da ita, wucewa take nufi, in an ce wane ya wuce ta nan ranar kaza. Can ƙasa kuma Kaka ya tsinci "kam", wadda kowa ya san zuwa ce.

Ya buga tafin hannu a cinya, ya juya wajen ƙyaure ya ce, "Ke, mijinki ya yi fas ran Juma'a. Ya ƙetare. Yana zuwa."

Zan yi wa mushe adalci, Allah ya ji ƙansa. Da ya tashi zai sa takalmi sai ya yi jinkiri, ya ce akwai kalmomi da yawa da su biyun ba su gane ba, da za a kai takardar wurin Ibon nan mai sayar da kayan mota a kasuwa ya duba, da ya fi. Fuskar Kaka ta canza. A gaban surukarsa, a zaurensa, ana cewa a kai abin da ya fassara wurin wani. Ya ce wasiƙar ɗansa ba tallar kasuwa ba ce, kuma lokacin da yake magana da Turawa baki da baki ba a haifi uban Ibon ba. Ya ninke ta, ya sa a adaka kan tsohuwar fas ɗinsa, ya kulle. Mushe ya ce Allah ya kawo shi lafiya, ya tafi. Daga zauren zuwa rumfar Ibon nan, tafiyar da yaro zai yi ya dawo kafin shayi ya huce ce.

A ranar aka yanka zakara. Inna ta ba da shinkafar da ta rage a tukunya sadaka, ta share ɗaki har ƙarƙashin gado, ta kira mai kitso. Da yamma ta kwaɓa lalle ta ƙunsa hannu da ƙafa, ta ƙunsa mini ni ma. Aka yi lissafi a tsakar gida: in ran Juma'a ya bar wurin aiki, to ko da ƙafa yake tafe ya kamata a ce ya kusa. Wasiƙar ma ai ta riga shi ne don ita ba ta da kaya. Ban taɓa ganin Inna da kyau irin na satin nan ba. Ta ɗaura atamfar da ya kawo bara, tana soya kifi tana waƙar su ta bakin gulbi a hankali.

Sati ya wuce. Aka ce jandarmomin Gaya ne suke tsare mutane. Wani satin aka ce mota ce ta yi wuya. Da aka cika wata, Kaka ya ce mai yiwuwa ya biya ta Dosso ne ya sayar da wasu kaya, yaron da ma akwai dabara. Lalle ya koɗe, Inna ta sake ƙunsawa. Albasa ta ƙare a gonaki, gulbi ya ja baya har yashi ya fito tsakiya, zafi ya sauko irin wanda kwano ke ƙona hannu. Ita dai duk ranar kasuwa, ranar da motoci suka fi shigowa, sai ta yi wanka ta sa kwalli ta ajiye kwanon abinci guda a rufe. In dare ya yi ni nake cinye shi, kuma ina jin daɗin hakan, Allah ya yafe mini. Hadari ya haɗu, aka dasa shinkafa, kwaɗi suka cika fadama da kuka, ba shi ba labarinsa.

Bayan damina aka tura ƙanen babana ya je ya duba. Ya yi kwana goma sha ya dawo. Ya ce kamfanin ya kwashe ya tafi, ba komai a wurin sai tsofaffin ganguna da ciyawa, mutanen ƙauyen kuma sun ce baƙin duk sun watse tun lokacin kora. Kaka ya ce to ai shi ke nan, magana ta yi daidai da takarda, ya fito. Wanda ya fito kuwa yana wani wuri.

Ka san abin da ya fi ci mini rai? Ba rashin uban ba ne kaɗai. Yara da yawa a unguwarmu ba su da uba, kuma an san sunan abin da suke, marayu ne, ana shafa musu kai, ana tunawa da su ran Salla. Ni ba ni da suna. Inna ma haka, ita ba matar aure ba, ita ba bazawara ba. In azumi ya zo aka tara malamai a zaure ana yi wa mamatan gida addu'a, ana jero su ɗaya bayan ɗaya, ba a sa babana. Wata shekara wata gwaggo ta ce a sa shi mana, addu'a ai ba ta ɓaci ko mutum na da rai. Kaka ya tashi tsaye da sandarsa, ya ce duk wanda ya sake haɗa sunan ɗansa da matattu ya bar masa gida. Ba a sake ba.

Da aka shekara huɗu, kawuna, yayan Inna, ya zo daga Garou a kan keke da busasshen kifi a ɗaure a baya. Ya zauna da ita a inuwar ɗaki, ya yi mata magana a hankali da Dendi. Ya ce ya tambayi malamai, macen da mijinta ya ɓace haka tana iya zuwa gaban alƙali a warware mata. Ya ce akwai mutumin kirki a can, manomin shinkafa, matarsa ta rasu, ya yi maganarta. Ya ce ƙuruciya ba ta jira. Inna ta saurare shi har ya gama tana tsince tsakuwa a shinkafa. Sai ta ce da ɓacewa ya yi da ta bi shi gida yau ɗin nan, amma nata mijin ba ɓacewa ya yi ba, akwai takarda, takarda ta ce ya fito yana zuwa. In ya iso ya tarar da ita a ɗakin wani, da wane ido za ta dube shi? Kawu ya sake zuwa sau biyu a shekarun baya, daga nan ya daina ɗauko zancen.

Haka na girma. Aka yi mini aure, Kaka ya ba da ni, yana faɗa wa mutane cewa riƙon ƙwarya yake yi kafin uban yarinya ya dawo. Na kama rumfar albasa a kasuwa. Gashin Inna ya fara fari a gefen kunne, ta daina ƙunshi sai da Salla, amma kwanon nan ba ta daina rufewa ba ranar kasuwa.

Ko Kaka ya taɓa shakka? Na sha tambayar kaina. Sau ɗaya, yana tsufa sosai, na shigo zaure da hantsi na same shi da wasiƙar a buɗe a kan gwiwa. A juye ma ya riƙe ta, kai a ƙasa. Yana bin layukan da yatsa, bakinsa na motsi. Da ya gan ni ya yi sauri ya ninke. Ina jin ya san akwai abin da ke ciki da bai kama ba, kuma tsoron abin ya fi ƙarfinsa. Ko kuwa girman kai ne kawai har ƙarshe. Ban sani ba. Ina yi masa addu'a kullum, kuma ban gama yafe masa ba, duka biyun gaskiya ne. Da zai cika ya ce a ajiye wa ɗansa ɗakinsa, kada a ba kowa. Adakar ya bar wa Inna.

Shekara ashirin da 'yan kai bayan zuwan wasiƙar, lokacin da wayar hannu ta fara shigowa kasuwa, maƙwabciyar rumfata wata 'yar Najeriya ce mai sayar da robobi, bokiti da kofuna. Hausarta a karye take amma muna fahimtar juna, muna cin abinci kwano ɗaya. Wata safiya wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, sai na ji tana maimaita kalmar, fas, fas, tana tambayar mai maganar. Ni kuwa, jikar Kaka, sai na washe baki. Na san tana da ɗa a makaranta. Na leƙa na ce mata barka, yaron ne ya yi fas? Ta dube ni kamar ba ta taɓa ganina ba. Ta zame ta zauna a ƙasa cikin bokitai, ta ce, "Uwata ce. Uwata ta mutu."

Na taya ta rufe rumfa. Na raka ta tasha. Na dawo na zauna kan buhu, wani mutum yana tambayata kuɗin albasa har sau uku ban ji shi ba.

Sai da ta yi sati biyu ta dawo daga jana'iza. Sati biyun nan ban gaya wa kowa komai ba, ko mijina. Na je gidanmu na ce wa Inna ina son ganin tsohuwar fas ɗin Kaka, na zare wasiƙar na sa a zani. Maƙwabciyata ta shimfiɗa ta a kan bokiti, ta karanta a zuci, ta ɗago ta tambaye ni wane ne wannan. Na ce ta dai faɗa. Ta ce mai rubutun yana baƙin cikin sanar da mu cewa mutumin ya yi zazzaɓi kwana huɗu, ya rasu ran Juma'a. Musulmin wurin aiki sun yi masa salla sun binne shi a ranar. Akwatinsa yana ofis, wani ya zo ya ɗauka. Wannan ce "kam" ɗin da Kaka ya ji. Ko korar ma ba ta same shi ba.

Ɗan maƙwabciyar tawa da ke makaranta ya zo hutu daga baya, na tsare shi na ce sai ya gaya mini kalmar nan kaf, daga ina take, fuska nawa gare ta. Yaron ya yi ta lissafo mini. Ya ce duk abin da Kaka ya faɗa haka ne, takarda, jarrabawa, wucewa. Ya ƙara da miƙa wa wani abu, da hanya tsakanin duwatsu, da ƙin karɓar abin da aka yi maka tayi, da lokaci in ya shuɗe. Ya ce a littafinsu an rubuta Ingilishi wurin Faransawa suka aro ta, asalinta kuma taku ne, taku ɗaya na ƙafa. Wato mushe ma bai yi ƙarya ba. Na ce to me ya sa ba za su ce mutum ya mutu ba, su huta, mu huta? Ya ce nauyin baki ne, ba a son a faɗa kai tsaye. Na buɗe baki zan zage su sai na tuna mu ma haka muke. Mu ce ya cika, ya kwanta dama, ya riga mu, wa'adi ya yi. Da akawun nan ne aka aika wa takarda aka ce ɗan'uwansa ya cika, da cewa zai yi ya ƙoshi. Tausayinmu ya ji, ya zaɓo mana kalma mai laushi, ita ce ta cinye rayuwar uwata.

Washegarin ranar da aka karanta mini wasiƙar, da safe na gaya wa Inna, tana wanke shinkafa a tsakar gida. Na faɗa da Hausa tsantsa, na ce Baba ya mutu, tun wancan lokacin, kuma takardar abin da ta ce ke nan. Ba ta yi kuka ba. Ta tsame hannu daga ruwa, ta goge a zani, ta tambaye ni wace Juma'a. Na ce waccan dai. Ta cire 'yan kunnenta ta ajiye a kan murfin tukunya, ta ce in kira liman, za ta shiga takaba.

Liman ya zo, dattijo ne mai sanyin magana. Ya saurara, ya yi salati, ya yi wa babana addu'ar da ba a taɓa yi masa ba a gidan. Sannan ya ce mata takaba daga ranar mutuwa ake ƙirga ta, ba daga ranar jin labari ba. Wata huɗu da kwana goma sun cika tun tuni, ba abin da ya rage a kanta, kuma ba ta da laifi tunda ba ta sani ba. Yana ganin sauƙi yake kawo mata. Inna ta dube shi ta ce, "Malam, watannin nan da kake faɗa, lalle nake ƙunsawa." Ta roƙe shi ko kwana bakwai ya ba ta. Ya ce ba shi ke bayarwa ba, ta yi sadaka ta yi addu'a. Aka dafa shinkafa aka raba. Mutane suka zo gaisuwa suna rarraba ido, don rabin waɗanda suka san shi sun mutu, matasa kuma suna tambayar juna wai wa aka rasa.

Yanzu irin wannan ba za ta faru ba, na sani. Kowa da waya a hannu, mutum ya faɗi a Ikko kafin a ɗauke shi hotonsa ya iso nan. Jikokina in suka ga kalmar da ba su sani ba, latsawa suke yi ta fito musu da fuskokinta duka. Sai dai ban ga abin da hakan ya gyara mana ba. Labari yana zuwa da wuri, kuma yawancinsa mugu ne. Tun da aka rufe gadar nan da ke tsakaninmu da Gaya kasuwa ta kwanta. Manyan motocin da ke kwana a layi har bayan gari sun ɓace, mutane sai a jirgin ruwa suke ƙetarawa, albasata tana ruɓewa a ɗaki ina kallo.

Inna tana wurina yanzu. Ta haura saba'in, jiki da sauran ƙarfi, kan ne ya tafi. Tun bara ta fara manta abin da ta ci, sai sunayen jikoki, sai shekaru suka dinga zubewa daga baya-baya. Ranar da na gaya mata a bakin tukunyar shinkafa tana cikin abin da ya zube. Wata safiya ta tambaye ni ko babana ya iso. Na zaunar da ita na gaya mata gaskiya, don na rantse ba za a sake yi mata ƙarya a kan mutumin nan ba. Wannan karon ta yi kuka, kukan da ba ta yi ba a da, har muryarta ta dushe, ta ce a kira liman. Bayan kwana biyu ta sake tambayata. Na sake faɗa, ta sake yin sabon kuka. Sau uku na mayar da uwata bazawara da bakina. A na huɗu na kasa.

Ita ce ma ta samo wa kanta dalili. Ta lura ba ta jin kukan manyan motoci, ta tambaya, aka ce mata an rufe gada. Sai hankalinta ya kwanta, ta ce ashe shi ya sa. Ni da nake roƙon Allah dare da rana a buɗe don in sayar da kayana, yanzu in na ɗaga hannu ban san abin da zan roƙa ba, don ranar da motoci suka dawo ban san me zan ce mata ba.

Jiya wata jikata ta ce mata, ai mutane suna ƙetarowa a jirgi, in yana so da ya zo. Na daka wa yarinyar tsawa, amma Inna dariya ta yi. Ta ce ai wannan mutumin bai iya ruwa ba, tun suna saurayi da budurwa 'yan'uwanta suke tsokanarsa a kan haka, ba zai taɓa shiga jirgi ba. Ta juyo wurina ta ce, "Ubanki jira zai yi sai an buɗe."

Na ce haka ne, Inna, jira zai yi.